Yadda ake raba wa injin ces RAM idan an saka masa taskar ƙarshen wasa

Wani ɗalibi da muke buga ces tare a Samaru, Zariya, ya same ni da kwamfutarsa bayan la'asar, fuskarsa ba walwala. Kwana biyu ya yi yana zirga-zirga zuwa wajen abokinsa a Kongo yana kwafo fayilolin taskar ƙarshen wasa, da tsammanin injinsa, wato manhajar Stockfish mai lissafa takun ces, zai ƙara ƙarfi. Ya ajiye ta a gabana ya ce, "Malam, tun da na saka taskar nan Stockfish ya koma jan ƙafa. Da can ya fi haka gudu." Na ɗora hannu a gefen kwamfutar, na ji zafi rau, 'yar fitilar faifai kuma ta kafe ko ƙiftawa ba ta yi. Da na buɗe saitunan sai na ga RAM ɗinsa, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfutar, 8 GB ne, shi kuwa ya ba Hash, allon da injin ke rubuta abin da ya bincika, 7000 MB. Ruwa ba ya tsami banza. Fayilolinsa lafiya lau suke, wurin zama ne bai bar musu ba.

Taskar ƙarshen wasa amsoshi ne da aka gama lissafawa tuntuni. Duk yanayin da 'ya'ya kaɗan suka rage a kan allo, an riga an san ƙarshensa in kowa ya buga daidai: nasara, faɗuwa ko canjaras. Daga kisan sarki ake farawa, a riƙa komawa baya taku bayan taku har a rufe kowane yanayi. Ken Thompson na Bell Labs a Amurka yana cikin waɗanda suka share wannan hanya a shekarun 1970 da 1980. Da irin wannan lissafi ake tabbatar da cewa sarki da bishof da doki suna kashe sarki tilo cikin taku 33 ko a mafi munin yanayi, sarauniya kuma tana gamawa da hasumiya cikin taku 35.

Matsalar ita ce taskar tana kan faifan ajiya, injin kuma yana duba miliyoyin yanayi a kowace daƙiƙa. Ka tuna ɗan tireda a kasuwar Sabon Gari. Kayan da aka fi tambaya suna kan kanta, hannu kawai zai miƙa. Sauran suna sito a bayan layi, sai an aiki yaro. In kantarsa ƙarama ce, kowane mai saye sai ya tsaya jiran yaro. Faifai shi ne sito. Ɓangaren RAM da ke riƙe abin da aka ɗauko daga taska shi ne kanta, kuma shi ne abin da manhajoji ke rubutawa da Cache. Zan riƙa ce masa ma'ajiyar kusa.

Mataki na 1: Gano wace irin taska ce a hannunka

Kada ka taɓa ko saiti ɗaya kafin wannan, domin yadda kowace taska ke amfani da RAM daban ne. Ƙarshen sunan fayil zai gaya maka.

Idan ka ga .nbw.emd da .nbb.emd, ta Nalimov ce, wadda Eugene Nalimov ya fitar a ƙarshen shekarun 1990. Tana ba da adadin takun da ya rage kafin kisa. Ta 'ya'ya 3 zuwa 5 tana cin kusan 7 GB, ta 'ya'ya 6 kuma kusan 1.2 TB. Idan .gtb.cp4 ne ko makamancinsa, ta Gaviota ce, aikin Miguel Ballicora, wadda ta tsaya a 'ya'ya 5 da girman da ya haura 6 GB kaɗan. Waɗannan biyun suna da ma'ajiyar kusa tasu ta kansu, kai ne za ka rubuta girmanta.

Idan kuwa .rtbw da .rtbz ne, ta Syzygy ce, wadda Ronald de Man ya fitar a 2013, kuma ita ce Stockfish ke karantawa. Ta 'ya'ya 3 zuwa 5 ba ta kai 1 GB ba, kusan 939 MB ce. Ta 'ya'ya 6 kusan 150 GB. Ta 'ya'ya 7, wadda Bojun Guo ya kammala a 2018, ta haura 16 TB, wannan kam ba ta kwamfutar gida ba ce. In ka buƙace ta, shafin ces na Lichess na ba da damar tambayarta ta intanet. A lissafin 'ya'ya ana haɗawa da sarakuna biyu, saboda haka 'ya'ya 5 na nufin sarakuna da wasu uku.

Ga abin da ya fi ruɗa mutane: a Stockfish ba za ka sami wani gurbi na rubuta girman ma'ajiyar Syzygy ba, kuma ba mantuwa aka yi ba. Injin yana miƙa fayilolin ga Windows ko Linux ne, su kuma su riƙa ɗauko duk gutsuren da aka nema suna ajiye shi a RAM ɗin da ba kowa a kai. Wato ma'ajiyar Syzygy ita ce abin da ka bari bayan kowa ya ɗauki rabonsa. Ɗalibina ya ba Hash kusan komai, sai taskar ta tashi ba kanta, kowace tambaya sai an je sito.

Mataki na 2: Auna RAM ɗin da kake da shi da gaske

Buɗe manhajar da kake nazari da ita, ko Arena ce, ko Scid vs. PC, ko Fritz, tare da duk abin da ka saba bari a buɗe, amma kada ka tayar da injin tukuna. A Windows shiga Task Manager, sashen Performance, sai Memory, ka rubuta lambar da ke ƙarƙashin Available. A Linux buga free -h ka duba available. Wannan lambar ce za ka raba, ba wadda aka liƙa a jikin kwamfutar ba. Burauza mai shafuka goma a buɗe na iya lashe fiye da 1 GB ba ka sani ba.

Mataki na 3: Ajiye fayilolin inda ya dace, ka tabbatar ba su lalace ba

Fayilolin Syzygy iri biyu ne, kuma aikinsu ba ɗaya ba. Na .rtbw suna amsa tambaya ɗaya tak: nasara, canjaras ko faɗuwa. Su ne injin ke tambaya ba ƙaƙƙautawa yayin da yake zurfafa bincike. Na .rtbz suna faɗin takun da ya rage kafin a ci ɗa ko a motsa soja, kuma galibi Stockfish ba ya buɗe su sai yanayin da ke kan allo da kansa ya shiga cikin taska. A 'ya'ya 5, na .rtbw kusan 378 MB ne, na .rtbz kusan 561 MB. A 'ya'ya 6, kusan 68 GB da 81 GB.

Wannan bambanci zai cece ka idan SSD ɗinka, wato faifai mai sauri wanda ba ya juyawa, ƙarami ne. Zuba .rtbw a kan SSD, ka tura .rtbz tsohon faifai mai juyawa, ba abin da za ka rasa. Abin da ba na ba da shawara ko kaɗan shi ne .rtbw na 'ya'ya 6 a kan faifai mai juyawa ko filashi. Faifai mai juyawa sai allurarsa ta yi tattaki kafin ta kai wurin da ake nema, a wannan ɗan lokacin da injin ya duba dubban yanayi. Wasu kwamfutocin hannu da ake sayarwa a shagunan PZ da kewaye da irin wannan faifai suke zuwa. In naka ne haka, ka tsaya a 'ya'ya 5, sun wadatar da nazarin yau da kullum.

Yi folda mai gajeren suna, kamar C:\tb\345, ka rubuta ta a gurbin SyzygyPath na saitunan injin. In foldodi sun fi ɗaya, a Windows raba su da alamar ; kamar haka: C:\tb\345;C:\tb\6wdl;D:\tb\6dtz. A Linux alamar : ake sawa. Da zarar ka saita, injin zai faɗi adadin fayilolin da ya gano. Cikakkiyar taskar 'ya'ya 5 ita ce 145 na kowane iri, har zuwa 'ya'ya 6 kuma 510. In ka ga ƙasa da haka, akwai waɗanda suka maƙale a hanya.

Mu nan da ake ɗauke wuta ba sallama, fayil na iya yankewa a tsakiyar saukewa ko kwafi. Wanda ya yanke sosai Stockfish zai gane shi ya rufe kansa da ƙorafin lalataccen fayil. Wanda ya fi haɗari shi ne mai cikakken girma da ruɓaɓɓen ciki. Wuraren da ake sauke taskar suna bayar da jerin lambobin tantancewa. A Linux md5sum -c zai gwada su duka, a Windows kuma certutil -hashfile da sunan fayil da MD5. Aikin rabin sa'a ne, sau ɗaya kuma ake yin sa.

Mataki na 4: Yanke wa Hash rabonsa, ka bar wa taska nata

Hash shi ne allon da injin ke rubuta yanayin da ya riga ya bincika don kada ya maimaita. Stockfish na zuwa da 16 MB kacal, wanda ya yi kaɗan ga nazari, shi ya sa mutane ke ɗaga shi har su wuce gona da iri. Duk megabait ɗin da ka ba shi, daga bakin taska ka cire.

Ga yadda nake rabawa. Mai 4 GB ya sa Hash 512, da taskar 'ya'ya 5. Mai 8 GB ya sa 2048: Windows da manhajar nazari za su ci nasu, sauran kuma ya ishi dukkan .rtbw na 'ya'ya 5 su zauna a RAM har da rara. Mai 16 GB da 'ya'ya 5 kaɗai yana iya kai Hash 8192 hankali kwance, tun da 378 MB ne kawai ke neman wuri.

Inda lissafi ke sauyawa shi ne 'ya'ya 6. Ba yadda za a yi 68 GB su shiga RAM na 16 GB. Sa'ar da aka yi ita ce ba a buƙatar su duka a lokaci guda. Wanda ke nazarin ƙarshen wasa na hasumiya da sojoji, fayilolin hasumiya da sojoji ne za a yi ta tambaya, na dawakai da bishof suna can kwance a faifai. Saboda haka a 16 GB ina sa Hash 4096, in bar sauran a sake. Mutum zai duba Task Manager ya ga kamar RAM na zaman banza, hannunsa ya yi ta ƙaiƙayin ƙara Hash. Ya duba lambar Cached tukuna, zai ga tana hawa yayin da injin ke aiki. Taskar ce ke jera kayanta a kanta.

Akwai ma'auni mai sauƙi na sanin ko Hash ya isa. Injin na fitar da wata lamba mai suna hashfull, daga 0 zuwa 1000, manhajoji da yawa kuma suna nuna ta a matsayin kaso cikin 100. Idan a tsawon lokacin da ka saba barin injin kan yanayi ɗaya ba ta ko kai rabi, to Hash ɗinka ya yi yawa, rage shi. Idan tana cika cikin minti ɗaya alhali kai mai barin inji ya kwana ne, ƙara, amma kada jimillar ta cinye Available ɗin da ka auna. Ranar da ta cinye, Windows zai fara kwashe abin da ke RAM yana jibgewa a faifai, kuma wannan ne jan ƙafar da ɗalibina ya gani.

Mataki na 5: SyzygyProbeLimit da SyzygyProbeDepth

Waɗannan biyun suna rage yawan aiken da ake yi zuwa sito. SyzygyProbeLimit shi ne iyakar yawan 'ya'yan da za a tambayi taska a kansu, yana zuwa a kan 7. SyzygyProbeDepth kuma, wanda ke zuwa a kan 1, yana cewa kada a tambayi manyan fayiloli sai in sauran zurfin binciken da ke gaba ya kai wannan lamba. In ka ɗaga shi zuwa 6 ko 10, injin zai daina damun faifai a kan ƙananan rassan ƙarshe, ya tambaya kawai inda amsar za ta yanke babban aiki.

Sai dai akwai wani tarko da na ga ya kama mutane da dama. Idan SyzygyProbeLimit ya fi girman taskar da kake da ita, Stockfish na watsar da SyzygyProbeDepth gaba ɗaya. Mai taskar 'ya'ya 6 da ya bar iyaka a 7, ko ya rubuta zurfi 20 ba zai ga canji ba. Dole ya mai da iyakar 6 tukuna. Sannan zurfin yana aiki ne a kan yanayin da 'ya'yansa suka kai iyakar daidai. Masu ƙasa da haka kullum ana tambayar su.

Ga mai 'ya'ya 5 kaɗai, bar su yadda suka zo. Ga mai 'ya'ya 6 a kan SSD mai kyau, fara da 1, kada ka ɗaga sai gwaji ya nuna gudu ya faɗi sosai. Syzygy50MoveRule kuwa bar shi a kunne, domin dokar hukumar ces ta duniya, FIDE, ta taku 50 ba cin ɗa ba motsa soja tana mai da wasu nasarori canjaras, kuma taskar ta san su ɗaya bayan ɗaya. Mai warware tsararrun matsalolin ces, inda ba a damu da wannan doka ba, shi ne zai kashe shi.

Mataki na 6: Idan Nalimov ko Gaviota ce

Nan kam akwai gurbin cikewa. Injunan da ke karanta Nalimov suna da NalimovPath da NalimovCache, lambar kuma a megabait take. Masu karanta Gaviota, irin su Houdini, suna da GaviotaTbPath da GaviotaTbCache. A injin Crafty na Robert Hyatt, cikin fayil ɗin crafty.rc ake rubuta layi irin cache=64M. A Fritz da Arena kuma akwai wurin da ake saita hanyar Nalimov da girman ma'ajiyarta sau ɗaya a cikin zaɓuɓɓukan manhajar.

Dalilin ma'ajiyar a nan shi ne fayilolin a matse suke, kuma kafin a karanta amsa ɗaya sai an warware gutsure guda cur. Ma'ajiyar tana riƙe warwararrun gutsattsarin, in ta cika ta zubar da wanda aka fi daɗewa ba a nema ba. Ba ta buƙatar girma sosai. Don wasa mai sauri 32 MB ya isa. Don dogon nazari da 'ya'ya 5, tsakanin 64 da 256. Wuce haka riba kaɗan ce, domin a ƙarƙashinta Windows ma yana riƙe matsattsun fayilolin a nasa RAM, kuma matsattse ya fi warwararre arhar wuri. Gaviota tana da wata dabara: ana iya yi mata tambaya mai laushi, wadda ke duba ma'ajiya kawai ta haƙura in ba ta samu ba, ko mai ƙarfi wadda ke zuwa har faifai. Injunan da suka ba da saitin zurfi ga kowacce, ka bar mai laushin ƙasa, ka ɗaga mai ƙarfin in faifanka mai juyawa ne.

Wanda ke haɗa injuna gasa da juna ya lura da wannan. Kowane inji da ya tashi yana ɗaukar Hash nasa da ma'ajiyar Nalimov ko Gaviota tasa. Wasa huɗu a lokaci guda injuna takwas ke nan, sai ka ninka komai sau takwas. Syzygy ba ta da wannan nauyi: duk injunan kanta ɗaya suke ɗiba.

Mataki na 7: Gwada, kada ka yi zato

Buɗe Stockfish kai tsaye, ba ta cikin manhaja ba, ka buga waɗannan layuka ɗaya bayan ɗaya:

setoption name Threads value 2
setoption name Hash value 2048
setoption name SyzygyPath value C:\tb\345
position fen 8/5pk1/6p1/1R6/7P/r5P1/6K1/8 w - - 0 1
go movetime 60000

Yanayin nan na 'ya'ya 8 ne, kowane ɓangare da sarki da hasumiya da soja biyu. Na zaɓe shi ne don bai shiga taska ba amma yana bakin ƙofarta. Lambobi biyu za ka sa wa ido: nps, wato yanayi nawa ake dubawa a daƙiƙa, da tbhits, wato sau nawa taska ta amsa. In tbhits ya tsaya a 0, hanyar folda ce ba daidai ba. Bayan minti ɗaya rubuta nps, ka buga ucinewgame don share Hash, ka sake layuka biyu na ƙarshe. A zagaye na biyu taskar ta riga ta hau kanta, don haka gudun ya kamata ya yi daidai da na farko ko ya fi. Idan har a zagaye na biyu fitilar faifai na ci gaba da ci, kuma a Resource Monitor lambar Hard Faults ba ta sauka, ma'ajiya ta yi kaɗan. Raba Hash biyu ka sake. Idan bai gyaru ba, sai ka koma ga SyzygyProbeDepth.

Saiti ɗaya za ka riƙa sauyawa a kowane gwaji, kuma da caja a jiki, domin kwamfuta a kan batir tana rage wa kanta gudu. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke kan ganiyarsa, ko bayan ƙurar hunturu ta toshe fanka, gudun kan faɗi saboda zafi kawai. Hure fankar, ka ɗaga bayan kwamfutar a kan littafi, kafin ka ɗora wa taska laifi.

Mataki na 8: Bayan an ɗauke wuta

Ma'ajiyar kusa a RAM take, duk lokacin da kwamfuta ta mutu sai ta koma fanko. Shi ya sa mintunan farko bayan kunnawa suke da nauyi. Mai 'ya'ya 5 zai iya cika ta tun kafin ya fara: a Linux shiga foldar ka buga cat *.rtbw > /dev/null, a Windows kuma copy /b *.rtbw NUL. Umarnin yana karanta fayilolin ne kawai, karatun kuma shi ke ɗora su a RAM. Kada ka yi wa 'ya'ya 6 haka, na baya za su ture na gaba ne kawai. In hutun sallah ko cin abinci za ka yi, sa kwamfutar barci maimakon kashewa, ma'ajiyar za ta jira ka.

A waya, manhajar DroidFish na karanta Syzygy da Gaviota. Zuba ta Syzygy ta 'ya'ya 5 a cikin ma'ajiyar wayar kanta, ba katin memori ba, ka sa Hash 128 ko 256.

Kwamfutar ɗalibin nan faifai mai juyawa gare ta, kuma cikin abin da ya kwafo har da wasu fayilolin 'ya'ya 6. Muka cire foldarsu daga SyzygyPath, muka mai da Hash 2048, muka ɗora .rtbw a RAM da umarnin copy. Ya jera wasan da ya faɗi a makon da ya wuce, hasumiya da soja biyu a kan hasumiya da soja ɗaya. Fitilar faifai ta yi ƙifta biyu ta yi shiru, tbhits ya fara hawa, injin ya nuna masa takun sarki da zai ba shi canjaras. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Malam, a bar mini ita haka, zan kwafe lambobin a littafina."